DARASIN LISSAFI: MU SAN MILIYAN ƊAYA CIKI DA WAJE

Darasinmu na wannan wata a kan lamba ɗaya tak zai tsaya, wato miliyan ɗaya. Ga yadda ake rubuta ta: 1,000,000.

A da, sai a gidan rediyo ake jin wannan lamba, idan ana karanta kasafin kuɗin gwamnati. Yanzu kuwa ta shigo ƙauye. Duk wanda yake zuwa Karar Wudil ranar Juma'a ya san babban sa yakan kai miliyan, har ya wuce. Ƙungiyar manoma takan tara miliyan don sayen taki. Magada sukan zauna rabon miliyan. Saboda haka wanda bai san wannan lamba ba, yana iya yin asarar wahalar shekara guda a cikin minti ɗaya. Ku ɗauko fensir da littafi, mu bi ta sannu a hankali.

YADDA AKE KARANTA TA

Miliyan ɗaya lamba ce mai gida bakwai. Akwai 1 a farko, sai sifiri shida a bayansa. Ana ƙirga gidajen daga hannun dama zuwa hagu:

Gida na 1: ɗaiɗai (1)
Gida na 2: gomomi (10)
Gida na 3: ɗaruruwa (100)
Gida na 4: dubbai (1,000)
Gida na 5: dubu goma-goma (10,000)
Gida na 6: dubu ɗari-ɗari (100,000)
Gida na 7: miliyoyi (1,000,000)

Kowane gida ya ninka na damansa sau goma. Sifiri shi kaɗai ba komai ba ne, amma shi yake tsare gida don kada wata lamba ta zauna inda ba wurinta ba. Idan sifiri ɗaya ya faɗi daga miliyan, abin da ya rage dubu ɗari ne. Wato ₦900,000 sun tafi.

Waƙafi kuwa taimakon ido ne. Ana sa shi bayan kowace lamba uku, daga dama. Waƙafi ɗaya yana nuna dubbai. Waƙafi biyu suna nuna miliyoyi. Mu gwada da ƙidayar jama'a ta shekarar 2006, wadda ta ce mutanen Jihar Kano 9,401,288 ne. Waƙafi biyu ne, don haka za mu ce: miliyan tara, da dubu ɗari huɗu da ɗaya, da ɗari biyu da tamanin da takwas.

TARKO BIYU DA ZA A KIYAYE

Tarko na farko yana cikin saƙon banki da yake shigowa waya. Banki yakan sa ɗigo a ƙarshen kuɗi, sannan ya ƙara sifiri biyu. Waɗannan biyun na kwabo ne, ba na naira ba. Ku dubi waɗannan:

₦10,000.00 dubu goma ne
₦100,000.00 dubu ɗari ne
₦1,000,000.00 miliyan ɗaya ne

Ku lura, na farkon ma sifiri shida gare shi idan an haɗa da na kwabo. Mai gaggawa zai ƙirga shida, ya ce miliyan ta shigo, ya saki igiyar sa, alhali dubu goma aka turo masa. Dabarar ita ce a rufe ɗigon da abin da ke bayansa da babban yatsa, sannan a ƙirga waƙafi. In ba a ga waƙafi biyu ba, ba miliyan ba ce. Kuma kada a dogara da abin da mai saye ya nuna a tasa wayar. A duba asusu a tabbatar kuɗin sun shiga tukuna.

Tarko na biyu yana bakinmu. Idan mutum ya ce “dubu ɗari da biyar”, wani zai ɗauka 105,000 ake nufi, wani kuma 100,005. Haka nan “miliyan ɗaya da hamsin”. Hamsin ɗin me? Naira hamsin ko dubu hamsin? Don haka duk cinikin da ya yi nauyi, a rubuta kuɗin da lambobi, a kuma rubuta da kalmomi, dillali da shaidu su gani kafin a ce an sallama.

MILIYAN A WURIN KAKANNINMU

Kada a zaci Turawa ne suka kawo mana manyan lambobi. Kakanninmu suna cewa “zambar dubu” ko “dubu dubu”, wato dubu sau dubu. Ita ce miliyan. A zamanin da ake ciniki da wuri, akan ƙirga wuri 20,000 a zuba a keso guda. Keso 50 ke nan suke cika miliyan. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a shekarar 1851. Ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Idan muka raba 1,000,000 da 2,500 za mu sami 400. Ashe miliyan ɗin wuri dala 400 ce a lokacin.

Lambobin da muke rubutawa yau asalinsu daga ƙasar Indiya ne, Larabawa suka ɗauka suka yaɗa. Kalmar sifiri ma daga Larabci muka aro ta. Ƙasar Hausa kuma ta yi nata masana. Akwai Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina, wanda ya rubuta littafi a kan hatimin lambobi a shekarar 1732, ya rasu a birnin Alƙahira a 1741.

YAYA GIRMANTA YAKE?

An fara amfani da naira a ranar 1 ga Janairu, 1973. Takardar ₦1,000 kuwa a shekarar 2005 ta fito. Bandir ɗaya takarda 100 ne. To ga yadda miliyan take a hannu:

'Yan ₦1,000: takarda 1,000, bandir 10
'Yan ₦500: takarda 2,000, bandir 20
'Yan ₦200: takarda 5,000, bandir 50
'Yan ₦100: takarda 10,000, bandir 100

Idan mutum zai ƙirga ƙwayar masara miliyan, ɗaya a kowace daƙiƙa, ba ci ba barci, sai ya yi kwana 11 da awa 13 da 'yan mintoci kafin ya gama. Kwana miliyan kuwa ya haura shekara 2,700. Tan ɗaya na taki giram miliyan ne, wato kilo 1,000, ko buhu 20 masu kilo hamsin-hamsin.

HALI NA FARKO: CIKA CE KO MARA?

Kowace lamba ko dai cika ce ko mara. Cika ita ce wadda mutum biyu za su raba daidai ba saura, kamar 2, 4, 6. Mara ita ce mai barin ɗaya, kamar 1, 3, 5. Masu sallah sun san wannan da shafa'i da wutiri. Komai tsawon lamba, lambar ƙarshe kaɗai ake dubawa. In ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, cika ce. Miliyan ta ƙare da 0, don haka cika ce. Mutum biyu kowa zai sami 500,000.

HALI NA BIYU: SU WA SUKE RABA TA DAIDAI?

Wannan shi ne abin da ya fi amfani ga 'yan ƙungiya da 'yan adashi. Akwai alamomin da suke nuna ko lamba za ta rabu, tun kafin a wahala da dogon lissafi.

Da 10: in ta ƙare da 0.
Da 5: in ta ƙare da 0 ko 5.
Da 4: in lambobi biyu na ƙarshe sun rabu da 4, ko kuma 00 ne.
Da 8: in lambobi uku na ƙarshe sun rabu da 8, ko kuma 000 ne.
Da 3: a tara dukkan lambobin. In jimlar ta rabu da 3, ita ma za ta rabu.
Da 9: a tara su haka nan. In jimlar ta rabu da 9, ita ma za ta rabu.
Da 6: sai ta kasance cika, kuma ta rabu da 3.

Mu gwada miliyan. Ta rabu da 10, da 5, da 4, da 8. Amma in muka tara lambobinta, 1 da sifiri shida, jimla 1 ce. Ɗaya ba ta rabuwa da 3 ko 9. Saboda haka miliyan ba ta rabuwa daidai da 3, ko 6, ko 9, ko 12.

Me ya sa dabarar tarawa take aiki? Domin 10 ita ce 9 da 1. Ɗari ita ce 99 da 1. Dubu ita ce 999 da 1. Su 9 da 99 da 999 duk suna rabuwa da 3 da 9. Abin da yake ragewa a kowane gida shi ne ɗayan nan. Shi ya sa muke tara lambobin, mu ga abin da ragowar ta zama.

Mu sake gwadawa da 9,401,288 na mutanen Kano. Ta ƙare da 8, cika ce. Uku na ƙarshe 288 ne, wato 8 sau 36, don haka ta rabu da 8. Jimlar lambobinta 32 ce, ba ta rabuwa da 3.

Lambobin da suke raba miliyan daidai guda 49 ne. Ga 24 na ƙasa da dubu: 1, 2, 4, 5, 8, 10, 16, 20, 25, 32, 40, 50, 64, 80, 100, 125, 160, 200, 250, 320, 400, 500, 625, 800. Kowace tana da abokiyar tafiya a sama da dubu. Abokiyar 8 ita ce 125,000. Abokiyar 40 ita ce 25,000. Abokiyar 800 ita ce 1,250. An sami 48 ke nan. Ta 49 ita ce 1,000, wadda take tsakiya, ita ce abokiyar kanta.

HALI NA UKU: TUBALANTA

Akwai lambobin da ba sa rabuwa da kowa sai 1 da su kansu. Misalinsu 2, 3, 5, 7, 11, 13. Mu kira su gagara-rabo. Su ne tubalan da aka gina sauran lambobi da su. Ɗauki 12, za ka ga 2 sau 2 sau 3 ce. Ɗauki 10, za ka ga 2 sau 5 ce.

Miliyan ba gagara-rabo ba ce, tunda mun ga masu raba ta har 49. Ita 10 ce aka ninka a kanta sau shida: 10 × 10 × 10 × 10 × 10 × 10. Tunda kowace 10 tana ɗauke da 2 da 5, tubalan miliyan su ne 2 guda shida da 5 guda shida. Biyu-biyun nan shida sun ba da 64. Biyar-biyar ɗin shida sun ba da 15,625. Ku gwada 64 × 15,625 a littafinku, za ku sami 1,000,000.

Nan ne asirin yake. Babu 3 a cikin ginin miliyan, babu 7, babu 11. Duk lambar da take da ɗaya daga cikinsu a jikinta ba za ta raba miliyan daidai ba. Shi ya sa mutum 30 ba za su raba ta daidai ba, domin akwai 3 a cikin 30. Amma mutum 32 za su raba, kowa 31,250, domin 32 duk biyu-biyu ce.

Masana sun ƙirga gagara-rabo da suke ƙasa da miliyan, sun sami 78,498. Mafi girma a cikinsu ita ce 999,983. Ta farko bayan an wuce miliyan kuwa ita ce 1,000,003. Wani masani mai suna Yuklid, wanda ya zauna a Iskandariyya ta ƙasar Masar fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ya tabbatar da hujja cewa waɗannan lambobi ba su da iyaka.

MAƘWABCIYARTA TA ƘASA

Cire ɗaya daga miliyan, sai a sami 999,999. Halin wannan ya saɓa wa na miliyan gaba ɗaya. Mara ce, kuma tubalanta su ne 3 × 3 × 3 × 7 × 11 × 13 × 37. Saboda haka duk lokacin da aka raba miliyan da ɗaya daga waɗannan, ɗaya ce take saura:

Mutum 3: kowa 333,333, saura 1
Mutum 7: kowa 142,857, saura 1
Mutum 9: kowa 111,111, saura 1
Mutum 11: kowa 90,909, saura 1
Mutum 13: kowa 76,923, saura 1

HALI NA HUƊU: MURABBA'I CE

Idan aka ninka lamba da kanta, abin da ya fito sunansa murabba'i. Misali 5 × 5 = 25. Miliyan murabba'i ce, domin 1,000 × 1,000 ce. Manomi zai gane wannan da gona. Hekta ɗaya fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, wato murabba'in mita 10,000. Fili mai tsawon mita 1,000 da faɗin mita 1,000 kuwa murabba'in mita miliyan ne, hekta 100 ke nan.

Haka kuma miliyan 100 × 100 × 100 ce. A ɗauka an gina kwatamin ruwa mai tsawon santimita 100, faɗi 100, zurfi 100. Zai ci ƙananan akwatuna miliyan masu santimita ɗai-ɗai ta kowane gefe. Ruwan da zai cika shi lita 1,000 ne, wato jarka 40 masu lita ashirin da biyar-biyar.

HALI NA BIYAR: MAI RARA CE

Masanan da sun kasa lambobi gida uku ta wata hanya. A tara masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta yi daidai da lambar, kamila ce. Misali 6, domin 1 + 2 + 3 = 6. Haka ma 28. In jimlar ta gaza, mai giɓi ce, kamar 8, domin 1 + 2 + 4 = 7. In ta zarce, mai rara ce, kamar 12, domin 1 + 2 + 3 + 4 + 6 = 16. Masu raba miliyan guda 48, ban da ita, jimlarsu 1,480,437 ce. Don haka miliyan mai rara ce.

INA AMFANIN WANNAN DUKA?

Na ɗaya, adashi da ƙungiya. In ana son kwasa ta cika miliyan, mutum 20 su zuba ₦50,000 kowa, ko 25 su zuba ₦40,000, ko 40 su zuba ₦25,000. In kuwa 'yan ƙungiya 12 ne za su raba ribar miliyan, ba za ta rabu daidai ba. A ba kowa ₦83,000. Jimla ₦996,000 ke nan. Sauran ₦4,000 a rubuta su a littafi, a mayar asusun ƙungiya a gaban kowa. Ma'aji mai gaskiya ba zai ce “ta rabu daidai” ba a inda lissafi ya ce akwai saura. 'Yan ƙungiya kuma in sun san wannan, ba za su zargi wanda bai ci ba.

Na biyu, zakka. Idan kuɗi sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kansu, ɗaya cikin 40 ake fitarwa. Wato ₦25,000 a cikin kowace miliyan. A tambayi malamai nawa ne nisabin bana, domin yana tafiya da farashin zinariya.

Na uku, gado. A ɗauka mutum ya rasu ya bar ₦1,000,000 bayan an biya bashi da wasiyya. Ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya maza uku, da mace ɗaya, iyayensa kuma sun riga shi rasuwa. Matar tana da tumunin takaba, ɗaya cikin takwas, wato ₦125,000. Saura ₦875,000. Namiji yana da rabon mata biyu, don haka kaso bakwai za a yi. Kowane kaso ₦125,000 ne. Kowane namiji ₦250,000, macen ₦125,000. Da a ce maza biyu ne da mata biyu, kaso shida za a yi, kowane kaso ₦145,833, saura ₦2. Rabon gado aikin alƙali ne da malamai. Amma magajin da ya iya lissafi zai bi abin da ake yi da idonsa, hankalinsa ya kwanta, zumunci kuma ya tsira.

AIKIN GIDA

1. Rubuta da lambobi: miliyan biyu da dubu hamsin.
2. Saƙo ya shigo wayarka da ₦150,000.00. Nawa ne wannan da kalmomi?
3. Mata 16 za su raba miliyan ɗaya. Za ta rabu daidai? Nawa kowa za ta samu?
4. Shin 1,234,566 tana rabuwa da 3? Da 9 fa? Da 6 fa?
5. Ƙidayar 2006 ta ce mutanen Nijeriya 140,431,790 ne. Cika ce ko mara? Tana rabuwa da 3?
6. Ƙungiya ta sayi tan 3 na taki. Buhu nawa ne masu kilo 50?

AMSOSHI

A rufe nan da hannu sai an gama aikin.

1. 2,050,000.
2. Naira dubu ɗari da dubu hamsin. Waƙafi ɗaya ne, ba ta kai miliyan ba.
3. Za ta rabu. Kowa ₦62,500.
4. Jimlar lambobinta 27 ce, don haka ta rabu da 3 da 9. Kuma cika ce, ta rabu da 6.
5. Cika ce. Jimlar lambobinta 29 ce, ba ta rabuwa da 3.
6. Buhu 60.

Muna roƙon malaman ajujuwa su rubuta ₦10,000.00 da ₦100,000.00 da ₦1,000,000.00 a kan allo, su sa kowane ɗalibi ya fito ya rufe ɗigon da yatsa ya karanta da ƙarfi. Wanda ya gane kuma ya koya wa maƙwabcinsa kafin ranar kasuwa. Inda ya shige duhu a tambayi malami, tambaya ba abin kunya ba ce. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba lissafin kashi cikin ɗari, da yadda ake fitar da la'ada da riba. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.